Shekara 14 Babu Fuloraid a Ruwan Calgary: Me Ya Sami Haƙoran Yara?

A watan Fabrairun 2011 majalisar birnin Calgary, da ke lardin Alberta a ƙasar Kanada, ta yanke shawarar daina zuba fuloraid a ruwan famfo, sinadarin da ake ƙarawa don rage ruɓewar haƙori. Kansiloli 10 suka goyi baya, 3 suka ƙi. Kafin watan Mayu ya fita an kashe injinan. Ba a sake zuba ko ɗigo ba sai ranar 30 ga Yunin 2025. Tsakanin nan an haifi yara, sun yi haƙori, sun yi famfara, wasu har sun shiga sakandare, duk suna shan ruwan da ba a ƙara wa fuloraid ba.

Garuruwa da dama sun taɓa cire fuloraid daga ruwansu, amma Calgary ta fita daban saboda maƙwabciyarta. Kimanin kilomita 300 arewa da ita akwai Edmonton, babban birnin lardin, wanda ke zuba fuloraid tun 1967 bai taɓa tsayawa ba. Lardi ɗaya, hukumar lafiya ɗaya, dokar likitocin haƙori ɗaya, man goge baki iri ɗaya a kantuna. Birni ɗaya ya rufe, ɗaya ya ci gaba. Babu mai binciken da za a ba izinin shirya irin wannan gwaji a kan yara da gangan, sai ga shi 'yan siyasa sun shirya shi ba tare da sun nufa ba.

Yadda haƙori ke yin kogo

Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, amma yana da abokin gaba guda, wato tsami. A cikin dattin da ke maƙalewa jikin haƙori akwai ƙwayoyin cuta da ke cin sukari su fitar da asid. Duk lokacin da yaro ya sha zaƙi, tsamin bakinsa na ƙaruwa na wani ɗan lokaci, ɓawon ya fara zubar da ma'adinansa kaɗan-kaɗan. Daga baya miyau ya zo ya wanke, ya mayar da abin da ya zube. Wannan ja-in-ja ake yi a bakin kowa, safe da yamma. Idan zubewar ta fi mayarwar yawa wata da watanni, sai farin tabo ya bayyana, daga nan rami, daga rami sai ciwon da ke hana barci.

Aikin fuloraid yana wajen mayarwar. In akwai ɗan kaɗan nasa a cikin miyau, gyaran ya fi sauri, kuma sabon ɓawon da ya ginu ya fi na da jure tsami. A da an ɗauka sai an haɗiye shi tun haƙori na cikin dasashi yake amfani. Yanzu masana sun fi karkata ga cewa yawancin amfaninsa a saman haƙorin da ya riga ya fito ne. Wannan batu yana da muhimmanci, domin shi ne ƙashin bayan tambayar masu adawa: in dai man goge baki na yin aikin, me ya sa za a zuba wa kowa a ruwa?

Asalin lamarin kuwa daga tabo ya faro. A 1901 wani matashin likitan haƙori, Frederick McKay, ya isa Colorado Springs a Amurka ya tarar da haƙoran mutanen garin da tabo ruwan ƙasa, amma kuma ba sa saurin ruɓewa. Sai a 1931 aka gano yawan fuloraid na asali a ruwan sha ne ke kawo tabon. H. Trendley Dean na hukumar lafiyar Amurka ya bi garuruwa yana auna ruwa yana duba bakin yara, har ya ga cewa a wajen miligiram ɗaya cikin lita, ruɓewa na raguwa, tabon kuma ba ya muni. A Janairun 1945 birnin Grand Rapids na jihar Michigan ya zama na farko da ya zuba da gangan. A wannan shekarar Brantford ta lardin Ontario ta buɗe wa Kanada hanya.

Calgary ba ta yi saurin bi ba. Sau huɗu mutanenta suna ƙin amincewa a ƙuri'ar raba gardama: 1957, 1961, 1966 da 1971. Sai a 1989 masu goyon baya suka yi rinjaye da ƙyar, aka fara zubawa a 1991. A 1998 aka sake tambayar jama'a, kashi 55 cikin 100 suka ce a ci gaba. Bayan haka aka rage adadin daga miligiram ɗaya zuwa 0.7 cikin lita. Kogunan Bow da Elbow, inda birnin ke ɗiban ruwa, da ma suna ɗauke da nasu fuloraid, tsakanin 0.1 zuwa 0.4 gwargwadon lokacin shekara. Abin da injinan ke yi shi ne cike giɓin kawai.

Shawarar 2011

Abin da ya taso da maganar a 2011 kuɗi ne. Injinan sun tsufa, an ƙiyasta sabunta su zai ci dalar Kanada miliyan 6, ban da kusan dala 750,000 da ake kashewa kowace shekara. Kansila Druh Farrell ce ta jagoranci ƙudurin cirewa. A bayan kuɗin akwai hujjoji biyu da ba za a yi watsi da su ba. Ta farko ita ce ta 'yanci: mutum na iya ƙin shan magani, amma ba ya iya ƙin ruwan da ke zuwa famfon gidansa. Ta biyu ita ce ta asara: mafi yawan ruwan birni a wanka da wanki da bayi da ban ruwan ciyawa yake ƙarewa, ɗan kaɗan ne ke shiga bakin yaro. Suka ce gara a ɗauki kuɗin a kai shi kai tsaye ga 'ya'yan marasa ƙarfi.

Wannan hujja ta biyu tana da daɗin ji, kuma da an cika ta da labarin ya bambanta. An ware kuɗi don kula da haƙoran 'ya'yan talakawa, amma kaso ne na lokaci guda, kwatankwacin abin da fuloraid ke ci a shekara ɗaya. Famfo kuwa kullum yake zuba, ba ya neman a cike takarda, ba ya buƙatar uwa ta nemi izini a wajen aiki ta hau mota ta kai yaro asibiti. An musanya abin da ke isa kowane gida ba dare ba rana da abin da sai an je an same shi.

Abin da ya fi damuna a shawarar shi ne yadda aka yanke ta. Jama'a ne suka kawo fuloraid da ƙuri'arsu, suka kuma sake tabbatar da shi, amma majalisa ta ƙi mayar musu da tambayar. An ba da shawarar a kafa kwamitin masana ya duba hujjojin kafin a yanke, nan ma aka ƙi. Kuma birnin bai tsara yadda zai riƙa duba bakin yara don ya san abin da cirewar ta haifar ba. Wanda zai taɓa lafiyar mutum sama da miliyan ɗaya, ko da ya tabbata gaskiya ce a hannunsa, ya kamata ya ajiye ma'auni a gefe.

Masu bincike ne suka ɗauki wannan nauyi. Farfesa Lindsay McLaren ta Jami'ar Calgary da abokan aikinta suka shiga makarantun biranen biyu a shekarar karatu ta 2013/14, suna duba bakin 'yan aji biyu na firamare, yara masu shekara bakwai ko kusa da haka. Suka gwada abin da suka gani da alƙaluman 2004/05, lokacin da biranen biyu duk ke zuba fuloraid. Sakamakon da ya fito a 2016 ya nuna ruɓewar haƙoran yarinta ta ƙaru a duka biranen, amma ta Calgary ta fi: ƙarin fuskokin haƙori (wato ɓangarorinsa, kamar sama, gaba ko baya) 3.8 da suka lalace ga kowane yaro a matsakaici, Edmonton kuwa 2.1.

Nan take aka taso wa binciken, kuma sukar tana da tushe. Tsakanin 2004 da 2014 shekara goma ne, amma cirewar ta shafi ukun ƙarshe kawai. Masu suka suka nuna akwai wani binciken da aka yi a Calgary a 2009/10, kafin a cire, wanda ya nuna haƙoran yara sun riga sun fara lalacewa tun fuloraid na cikin ruwa. To wa ya san nawa ne laifin cirewar, nawa ne na wani abu dabam? Ga kuma Edmonton da ba ta taɓa tsayawa ba, ita ma ruɓewar ta ƙaru. Wannan kaɗai ya isa nuna cewa fuloraid ba katanga ba ne da ke tare komai, musamman inda zaƙi ya yawaita a abincin yara.

Sai masu binciken suka koma a 2018/19, kuma wannan zagaye shi ne mai nauyi. 'Yan aji biyu na wannan shekara a Calgary an haife su ne dab da cirewar ko bayanta, don haka kusan duk rayuwarsu ba su sha ruwan da aka ƙara wa fuloraid ba. An duba yara kimanin 2,600 a kowane birni. Ma'aikatan haƙori suka riƙa zuwa makaranta da fitila da ɗan madubi, yaro ya hangame baki, a bi haƙoransa ɗaya bayan ɗaya: wannan ya yi rami, wannan an cike, wannan an cire. Iyaye suka cike takardar tambayoyi kan kuɗin shigarsu, karatunsu, abin da yaron ke sha, sau nawa yake goge baki, ko yana ganin likita. Daga wasu yaran har yankakken farce aka karɓa aka kai ɗakin gwaji, domin farce na ajiye alamar fuloraid ɗin da ya shiga jiki. Da haka aka tabbatar cewa yaran Calgary da gaske sun fi na Edmonton ƙarancinsa, ba a takarda kawai ba.

Abin da aka samu: kashi 64.8 cikin 100 na yaran Calgary suna da ruɓewa a haƙoran yarinta, na Edmonton kashi 55.1. Da aka cire tasirin arziki da ilimin iyaye da sauran abubuwan da aka tambaya, bambancin bai gushe ba. An kuma samu ɗaya ɓangaren: fararen ɗigo-ɗigo marasa zafi da fuloraid ke bari a haƙori sun fi yawa a yaran Edmonton. Masu binciken ba su ɓoye wannan ba.

Tazarar maki 10 tana iya zama ƙarama a ido, sai an shiga aji. A ajin yara 30, kusan yara uku ne ƙari. Kuma kada a ce ai haƙoran yarinta ne, za su zube. Turamen yaro na baya ba sa faɗuwa sai ya kai shekara 10 zuwa 12. Yaro ɗan shekara biyar da turminsa ya yi kogo yana tauna da gefe ɗaya, yana ƙin ruwan sanyi, yana tashi tsakar dare riƙe da kumatu. In ramin ya kai ga jijiya sai ƙurji, fuska ta kumbura. Ƙaramin yaro ba ya zama shiru a kujerar likita a yi masa aiki a haƙora biyar ko shida, don haka sau da yawa sai an sa shi barci a ɗakin tiyata. A Kanada, gyaran ruɓaɓɓun haƙora shi ne kan gaba cikin dalilan da ke kai ƙananan yara tiyatar da ake sallama a rana ɗaya.

Wa ke biya? Tsarin lafiyar Kanada na kyauta bai haɗa da yawancin aikin haƙori ba. Mai aiki mai kyau yana da inshora ta wajen aikinsa, akwai kuma tallafi ga mafi talauci, amma na tsakiya, direban tasi ko mai aikin kanti ko baƙon da bai daɗe da zuwa ba, a waɗancan shekarun daga aljihunsa yake biya. Alberta kuwa ta yi suna wajen tsadar likitan haƙori, domin daga 1997 har zuwa 2018 babu ma jadawalin farashi na bai ɗaya a lardin. Shirin gwamnatin tarayya na tallafin haƙori bai fara aiki ba sai bayan an shafe fiye da shekara goma da cirewar. Ma'ana yawancin shekarun da Calgary ta zauna babu fuloraid sun faɗo daidai lokacin da iyali mai ƙaramin ƙarfi ba shi da wurin dafawa.

Dawowa

A 2019 majalisa ta nemi Cibiyar O'Brien, mai nazarin lafiyar jama'a a Jami'ar Calgary, ta tattaro mata hujjojin kowane ɓangare, abin da aka ƙi yi a 2011. Ranar 18 ga Oktoban 2021, tare da zaɓen da ya kawo Jyoti Gondek kujerar magajin gari, aka sake tambayar jama'a karo na bakwai. Kusan kashi 62 cikin 100 suka ce a dawo da shi, rinjayen da ya fi na duk ƙuri'un baya. A watan Nuwamba sabuwar majalisa ta amince.

Sai aka tarar rufewa ta fi buɗewa sauƙi nesa ba kusa ba. Tsofaffin injinan an riga an kwance su. Dole aka gina sabon wuri a matatar ruwa ta Bearspaw, aka gyara na Glenmore. Ƙiyasin farko ya kasance wajen dala miliyan 10. Tsadar kaya da jinkirin isowarsu suka kai shi miliyan 28.1, aka yi ta ɗage ranar farawa. Dala miliyan 6 da aka guje wa a 2011 ta dawo ta ninka fiye da sau huɗu, kuma daga ƙuri'ar jama'a zuwa ranar da fuloraid ya koma famfo an ci shekara uku da wata takwas. Ruwan nan ba Calgary kaɗai yake shayarwa ba, yana zuwa maƙwabtan garuruwa, Airdrie da Chestermere da Strathmore, da al'ummar Tsuut'ina ta 'yan asalin ƙasar, waɗanda ba a tambaye su ba a cirewa, ba a kuma tambaye su a dawowa ba. Wannan koke ne na gaskiya ko ta wane ɓangare mutum ya tsaya.

A daidai lokacin da Calgary ke haɗa bututu, iska ta juya a wasu wurare. A Oktoban 2024 ƙungiyar Cochrane, wadda ke tace binciken lafiya, ta sabunta nazarinta ta ce amfanin fuloraid na ruwa a binciken zamanin nan ya yi ƙasa sosai da na kafin 1975: kusan rubu'in haƙori ɗaya ga kowane yaro a matsakaici. Dalilin a fili yake, man goge baki mai fuloraid ya shiga kusan kowane gida. Kafin nan, a Agustan 2024, shirin binciken guba na gwamnatin Amurka ya ce akwai matsakaicin tabbaci cewa fuloraid da ya haura miligiram 1.5 cikin lita yana da alaƙa da raguwar makin gwajin basira a yara, amma ya ce hujjar da ke hannu ba ta isa a yanke hukunci kan 0.7 ba. Tun 2019 wani bincike da aka yi kan mata masu juna biyu a biranen Kanada ya tayar da irin wannan tambaya, masana kuma har yau suna gardama kan ingancinsa. A 2025 jihohin Utah da Florida na Amurka suka haramta zubawa gaba ɗaya.

Ban ga dalilin raina wannan damuwa ba. Uwar da ke dama wa jaririnta madarar gwangwani da ruwan famfo tana da haƙƙin a ba ta amsa ta gaskiya, ba a ce mata ta yi shiru masana sun gama magana ba. Amsar gaskiyar a yau ita ce: illar da aka fi tabbatarwa tana sama da 1.5, wanda shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya da ma'aikatar lafiyar Kanada suka sa, kuma ya ninka abin da Calgary ke zubawa sau biyu da ɗoriya. A 0.7 tambayar a buɗe take, ana kan bincike. Shi kuwa kogon haƙori ba tambaya ba ne, an ƙirga shi a bakin yara dubbai.

Da aka ɗora su a sikeli, ni ina ganin mutanen Calgary sun zaɓi daidai a 2021. Amfanin ba shi da girman da aka yi ta faɗa a shekarun 1950, kuma masu kare fuloraid suna cutar da kansu duk lokacin da suka zuzuta shi fiye da kima. Amma matsakaicin da Cochrane ta ba da ya haɗa yaron da ke ganin likita sau biyu a shekara da wanda bai taɓa zama a kujerar ba. Na farkon ba ya rasa komai in an cire. Na biyun shi ke ɗaukar asarar, kuma ba shi da ƙuri'a, iyayensa ma ba su cika samun sukunin zuwa zauren majalisa su yi magana ba. Birnin Windsor na Ontario ya bi irin wannan hanya: ya cire a 2013, hukumar lafiyar yankin ta kawo rahoton lalacewar haƙoran yara, majalisa ta juya a 2018, fuloraid ya koma ruwa a 2022.

Wannan ba ya nufin kowane gari dole ya zuba. Yawancin ƙasashen yammacin Turai ba sa zubawa a ruwa, kuma haƙoran yaransu ba su fi na kowa lalacewa ba. Amma dubi abin da suka tanada: Jamus da Suwizalan suna sayar da gishiri mai fuloraid, Denmark da Sweden suna duba haƙoran kowane yaro kyauta, Scotland tana da shirin Childsmile inda ake sa yara goge baki kullum a makarantun reno ƙarƙashin kulawar malamai. Waɗannan hanyoyi ne na gaske, masu kasafi na dindindin da ma'aikata. Calgary a 2011 ba ta ɗauki ko ɗaya daga cikinsu ba. Akwai kuma yankunan duniya, kamar wasu sassan Indiya da Sin da kwarin Rift na gabashin Afirka, inda fuloraid na asali ya yi yawa a ruwan rijiya har yana lalata ƙashi, can kuwa aikin shi ne rage shi. Don haka matakin farko a ko'ina shi ne a auna ruwan, a kuma duba bakin yaran.

Yanzu Calgary ta sake zama wurin gwaji, wannan karon ta ɗaya fuskar. Yaran da aka haifa bayan Yunin 2025 za su kai aji biyu wajen 2032, kuma Edmonton na nan a matsayin ma'auni. In ana son amsar da ba za a yi mata irin sukar 2016 ba, sai a duba bakin yara tun yanzu, a riƙa maimaitawa duk bayan shekara biyu ko uku da hanya iri ɗaya, a haɗa da fararen ɗigon da ke haƙori da lafiyar jarirai da ta masu juna biyu. Kuɗin wannan aiki bai kai ko kusa da dala miliyan 28.1 da aka kashe a kan injina ba, kuma majalisar birni da hukumar lafiyar Alberta ne ya kamata su sa shi cikin kasafinsu, kada su sake barin sa ga malaman jami'a su je neman tallafi.